Fulawar da Ubale Ya Zaɓa

Shekarata ashirin da biyu ina girki a gidan Madam Khairiyya a arewacin Jidda, kuma a duk tsawon shekarun nan sau ɗaya tak na roƙe ta wani abu da ya wuce hutun Juma'a. Ranar da na ce ta ɗauki ƙanena Ubale aikin lambu ke nan. Ni Zubaidatu ina da iƙama, wato takardar izinin zama, Madam ɗin ce kafilina, mai tsaya min a wurin hukuma. Ubale kuwa ko takardar tsire ba shi da ita. Umara ya zo, ya yi ɗawafinsa, ya sha zamzam har ya ƙoshi, ranar komawa ya tsaya a Nuzla, unguwar da mutanenmu suka cika a Jidda, yana ɗaga wa jirginsu hannu. Shekara biyu ya yi yana wankin mota a unguwar Bagdadiyya, ido ɗaya a bokiti ido ɗaya a titi saboda motar masu kame, wurin kwana kuma su tara ne a ɗaki guda.

Ba albashin aikin lambun ne ya dame ni ba, ɗakin bakin get nake so masa. Ɗan ƙaramin ɗaki ne mai mukayyif da ke busa sanyi, a cikin katanga, inda ba mai tsayar da kai ya ce ina takardarka. Muddin Ubale yana cikin gidan nan hankalina a kwance yake. In ya fita sai titi, titi kuwa ƙarshensa gidan tarhil, inda ake tara mutane kafin a mayar da su ƙasarsu. Shi ya sa na dubi tsabar idon Madam na ce mata ƙanena gwanin fulawa ne.

Allah ya yafe min. Ubale manomin rani ne daga Kadawa. Albasa da tumatir da kuɓewa, ko daga barci ka tashe shi zai ba ka tarihinsu har kakanninsu. Fulawa kuwa a wurinsa ciyawa ce da ta samu gata. Amma shekara guda asirinmu yana rufe, domin itatuwan da ke lambun Madam irin na Jidda ne, waɗanda ko zaginsu kake kullum ba za su mutu ba, ruwa kawai suke so.

Sai Bayan ta dawo. Ita ce autar Madam, a bayana ta girma. Ta je Sikotland ta yi shekara huɗu tana karatu, ta dawo da digiri da ra'ayi a kan komai, har da yadda nake yanka albasa. Wata safiya a watan Nuwamba ta shigo kicin ita da uwarta, ta zube wasu 'yan fakiti uku a kan teburina, ta ce a kira mai lambu.

"Wannan fulawar sunanta abens," in ji Bayan. "A ƙofar gidan da na zauna take, kullum ita nake fara gani da safe. Iri uku na sayo. Zubaida, ki ce masa ya duba ya zaɓi wadda za ta fi yi a lambunmu."

Larabcin Ubale na wankin mota ne, bai wuce yalla da halas da shukran ba, don haka ni ce tafinta. Kowane fakiti da hotonsa a jiki. Ɗaya ja ce mai ninki-ninki, ɗaya ruwan lemo, ta ukun ruwan ɗorawa. Biyu daga ciki ma sunan wasu matan Turawa aka sa musu, Allah kaɗai ya san laifin da matan suka yi.

Ubale ya goge hannu a riga, ya farke fakitin farko, ya zazzago irin a tafinsa. 'Yan mitsi-mitsi ne masu gashi da 'yar jela. Ya sansana, ya murza, sannan ya ɗauki ɗaya ya sa a baki ya ciza.

"Ish hada?" Bayan ta yi ƙara. "Zubaida, ci yake yi!"

"Haka gwanaye ke yi, ya binti, 'yata," na ce mata. Wannan kam ba ƙarya na yi ba. Babanmu bai taɓa sayen iri a kasuwar Kura bai tauna ba.

Ya tauna na biyu da na uku, ya tofar a hannu cikin ladabi. Sannan ya ce in tambaye ta ko ana rana a garin da ta samo su. Bayan ta yi dariya ta ce rana a can baƙuwa ce, ruwa ne kullum, wani lokaci har da ƙanƙara. Ubale ya gyaɗa kai, ya juyo gare ni yana murmushi don kada su gane, ya yi magana da Hausa.

"Yaya, wannan abin ɗan sanyi ne. Ko a Jos sai an lallaɓa shi. A nan ko ɗaya ba zai kai labari ba, ki gaya musu."

Ni ma na washe baki kamar albishir ya yi min. "Ka rufa min asiri ka rufa wa kanka. Ba a ce wa masu gida abinsu ba zai yi ba. Zaɓi ɗaya."

"Ko da zai mutu?"

"In ya mutu ƙaddara ce. In ka ce ba zai yi ba tun yanzu, kai ne ba ka iya ba, gobe a kawo ɗan Bangali a ba shi ɗakinka. Ka fi son bokiti?"

Madam ta gaji da jira. "Me yake cewa ne haka?"

"Ya ce duk ukun masha Allah, zaɓin ne ya yi masa wuya."

Ubale ya daɗe yana kallon hotunan. Can ya ɗora yatsa a kan ruwan ɗorawar. Bayan ta tafa ta ce ita ma ita ce a ranta. Madam ta ce to halas, shi ke nan, a cika mata gefen katangar gabas da ita, kuma tana so ta yi fure kafin watan Afrilu, domin a watan ne matan gidan su Mohannad, yaron da ke neman auren Bayan, za su zo gaisuwa. Kwana uku da yin haka Bayan ta tafi Riyad inda ta samu aiki, ta bar mu da jidali.

Gaskiya Ubale bai yi ha'inci ba, wannan zan shaide shi ko a gaban alƙali. Ya tara kofunan roba na laban, wato kindirmo, da na zubar, ya huda gindinsu, ya cika da ƙasa, ya shuka abens ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Ya jera su a kan gadonsa daidai bakin mukayyif, ya ƙure sanyin, shi kuma ya koma ƙasa ya kwanta da bargo biyu. Mutumin da ya tsere wa zafin Nuzla sai ga shi yana mura a Jidda, yana atishawa tun daga get ana ji a kicin. Ruwan famfo ma bai yarda ya ba su ba, sai na firji. Ƙanƙarata ta riƙa ɓacewa, na yi ta zargin direban gidan, ashe ɗan'uwana ne ke kai wa baƙinsa.

Cikin kofi arba'in, goma sha ɗaya suka tsiro. Wasu 'yan ganyayyaki ne marasa kuzari, ka gan su ka san ba su zo da niyyar zama ba. Duk da haka Ubale ya yi renonsu har Fabrairu. Madam ta fara tambaya ina fulawar, ta ce ita ba ta ga komai a gefen katanga ba sai ƙasa. Dole ya fito da su. Ya dasa su da yamma, ya yi musu rumfa da tsohon zanin gadona. Kwana na farko suka sunkuyar da kai. Kwana na biyu suka kwanta. A na uku ya shigo kicin ya tsaya a bayana, na juyo na ga idonsa ya yi ja.

"Sun tafi?"

"Duk goma sha ɗayan, Yaya. Allah ya jiƙan musulmi."

"To je ka ɗauko ja ɗin ko ruwan lemon, a sake gwadawa."

"Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Kuma saura wata biyu." Ya ja kujera ya zauna. "Amma akwai dabara, in za ki yarda."

Ya zaro wata tsohuwar safa daga aljihu, ya kwance bakinta, ya zuba abin da ke ciki a kan tebur. Na gane su tun kafin su daina gangarawa. Irin kuɓewa ne, 'yar gajeruwar nan ta gonar babanmu. Mutumin da zai zo Umara ya ƙullo irin kuɓewa a safa, ai ka san tun daga gida bai yanki tikitin komawa a zuciyarsa ba.

"Ubale, ka haukace ne?"

"Yaya, ki tuna furenta. Ruwan ɗorawa ne. Kwana hamsin take yi ta buɗe, kuma zafi abincinta ne. Su mutanen nan bamiya a faranti suka san ta, ba su taɓa ganin uwarta ba."

Na buɗe baki zan zage shi, sai na tuna shekarata ashirin da biyu ina dafa wa gidan nan bamiya, wato kuɓewar tamu da Larabci, kuma na tabbata in ka tambayi Madam za ta iya cewa a bishiya ake kaɗo ta. Na rufe bakina. Na ce masa ni ban gani ba ban ji ba, sannan na ɗauko masa kwano ya jiƙa irin.

Kuɓewar nan kuwa kamar jira take. Kwana biyar ta fasa ƙasa, sati uku ta rufe gefen katanga da ganye shar. Ubale ya warke daga mura, har waƙa yake yi yana ban ruwa. Yana bin ta yana tsinke kanta don kada ta yi tsayi ta tona mana asiri. Madam takan fito da sandarta da tabaranta mai kauri ta tsaya ta ce masha Allah, abin Turawa daban ne, ko ganyensa akwai tarbiyya. Ranar da furen farko ya buɗe, fari-fari mai ruwan ɗorawa da jan ido a tsakiya, sai da ta sa aka kawo mata kujera ta zauna a gabansa ta sha shayi. Ni kaina na tsaya na kalle shi. Tun ina yarinya nake tsinkar kuɓewa, ban taɓa lura furenta yana da kyau haka ba, ƙaiƙayinta kawai na sani.

Matsala biyu ce da ita. Ta farko, furen kuɓewa da safe yake buɗewa, kafin la'asar ya yi yaushi ya faɗi. Na gaya wa Madam cewa gwani ya ce fulawar Sikotland kunya gare ta, ba ta yini a buɗe. Madam ta ce to ai sai a mayar da zuwan baƙi karin kumallo, ƙarfe tara na safe, don su gani da idonsu. Matsala ta biyu ita ce 'ya'ya. Kuɓewa ba ta san ana ɓoye ta ba, haihuwa kawai take yi. Kullum da an sallame asuba Ubale zai bi layi da wuƙa yana yanke su tun suna ƙanana, ya shigo min da su a cikin hula. Zubarwa haramun ne, don haka na dafa. Gidan Madam Khairiyya ya ci bamiya da naman rago ranar Asabar, ya ci da tumatir ranar Lahadi, ya ci soyayya ranar Litinin. Madam ta ce ba ta taɓa cin mai taushin wannan ba, a ina nake samowa? Na ce Ubale ne ya san wani mutum. Sauran na yanka na shanya a saman bene, ranar Juma'a na kai wa matan Nuzla, suka yi ta sa min albarka.

Ana gobe baƙi za su zo Bayan ta iso daga Riyad. Ko jaka ba ta ajiye ba ta nufi lambu, ni kuma na bi ta a baya. Da hantsi ne, furanni sun fi ɗari a buɗe. Ta tsaya ta karkace kai, ta ciro waya ta duba hoto, ta sake duban katanga.

"Zubaida, wadda na sani ƙarama ce, iya gwiwa take. Furenta ma bai kai rabin wannan ba. Kuma ina ta samo jan nan a tsakiya?"

Na fassara wa Ubale. Ya jingina da tiyo ya amsa da natsuwar limamin Juma'a.

"Ki ce mata zafi ne. Ko mutum in ya zo Jidda sai ya canza kama."

Na faɗa mata haka. Ta ɗauki hoto ɗaya ta duba, hoton ya yi kyau. Ta ɗauki na biyu da fuskarta a ciki, wannan ma ya fi kyau. Daga nan ba ta ƙara tambaya ba. Da ta shige ciki na kama hannun Ubale na ja shi bayan tanki.

"Gobe ko ɗa ɗaya kada ka bar min a jikin abin nan. Ka bi ganye-ganye."

"Halas, Yaya. Na gama."

Baƙi suka zo su shida a mota biyu, turare ya riga su shigowa. Babbarsu ita ce mahaifiyar yaron, Ummu Mohannad, wata 'yar ƙaramar tsohuwa mai baƙin lalle a yatsu, wadda aka ce asalinsu mutanen Jazan ne, can kudu. Na jera musu ful, wato dafaffen wake, da cuku da zuma da burodi mai zafi a rumfar lambu. Ubale ya shige ɗakinsa tunda taron mata ne. Madam kuwa ta hau bayani. Ta ce fulawar nan daga Sikotland Bayan ta zo da ita a jirgi. Ta ce iri uku ne, aka zauna aka yi nazari aka zaɓi wannan. Ta ce a duk Jidda ba gidan da ke da ita, domin sai da ƙanƙara ake renonta. Matan suna ta masha Allah, suna ɗaga waya. Ina zuba gahawa ina addu'a a gama a tashi.

Ummu Mohannad kuwa hankalinta ya tafi wani wuri. Ta ajiye kofinta, ta miƙe ta taka a hankali har ƙarshen layi, can lungun da ke bayan tanki, ta sunkuya. Da na bi ta da ido sai na hango abin da ta hango, wani ɗan jan ƙyalle yana leƙowa daga ƙarƙashin ganye. Na san ƙyallen, bakin tsohon ɗankwalina ne. Na kuma san ma'anarsa, domin duk wanda ya tashi a gidan manoma ya sani. In manomi ya ga 'ya'yan da suka fi kyau a gonarsa ba ya tsinke su, yakan ɗaura musu ƙyalle don kowa ya san na iri ne, a bar su su bushe a jikin uwarsu. Ubale ya bi ganye-ganye kamar yadda na ce, ya yanke komai. Amma na iri a wurinsa ba sa cikin lissafin komai, hannunsa ba zai iya ba.

Tsohuwar ta ɗaga ganyen. Ga su nan guda bakwai, kowanne ya kai tsawon tafin hannu, sun bushe sun fara tsagewa, kowanne da jan ɗamararsa.

"Bamiya!" ta ce, fuskarta ta cika da murna. "Wallahi tun daga get na ce bamiya ce, na yi shiru na ce ko idona ne. Ya Ummu Bayan, wa ya shuka miki? Wannan manomi ne na gaske, dubi yadda ya ware na iri, haka babana yake yi! Don Allah a ba ni biyu in tafi da su."

Da mugunta ta faɗa da abin ya zo da sauƙi. Amma tsakaninta da Allah take murna, har ta ɓalle ɗaya ta girgiza a kunne tana jin ƙarar 'ya'yan. Wata daga cikin 'yan matan ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Wata ta sunkuya tana goge hoton da ta riga ta tura wa duniya. Bayan ta tashi ta shige gida da gudu. Madam Khairiyya ta zauna a kujerarta ba ta motsa ba, ta ce, "Zubaida, ƙaro gahawa." Na ƙaro, rabi a kofi rabi a faranti.

Ba a fasa auren ba, kada wani ya ɗauka haka. Baƙi sun ci sun sha, tsohuwa ta tafi da kuɓewarta biyu a jaka. Amma motarsu tana fita Madam ta sa aka kira mu falo, ni da Ubale. Bai taɓa shiga falon nan ba. Ya cire takalmi tun daga matakala, ya durƙusa a bakin kafet da hularsa a hannu.

"Wata guda ina zama a gaban miya ina shan shayi," in ji Madam. Ba ta ɗaga murya ba, kuma na san ta, in ta yi ƙasa da murya to magana ta ƙare. "Na tara surukaina na yi musu lacca a kan miya. Ki gaya masa ya tattara kayansa kafin la'asar."

Na durƙusa ni ma. Na ce ta dubi Allah, ba shi da inda za shi sai titi. Na ce ya yi iya ƙoƙarinsa, har ciwo ya yi saboda fulawar nan. Ta bar ni na gama, sannan ta cire tabaranta ta dube ni.

"Ke fa, Zubaida? Kin sani?"

Iƙamata saura wata uku ta ƙare, kuma sa hannun matar nan ne ke sabunta ta. Ban yi tunanin komai ba sai wannan. Na ji bakina yana cewa, "Ban sani ba, ya Madam."

Ban ce wallahi ba. Na daɗe ina riƙe da wannan kamar wani abin kirki ne.

"Bamiyar da kike dafa min kullum fa?"

Kafin in ƙago wata ƙaryar Ubale ya ɗago kai. Bai jira tafinta ba. Ya tattaro ɗan Larabcinsa na wankin mota ya jera shi ɗaya bayan ɗaya, yana nuna ni yana nuna ƙirjinsa.

"Hiya mafi ma'alum, Madam. Ana gul suk. Ana bas."

Wato ita ba ta sani ba, ce mata na yi daga kasuwa ne, ni kaɗai ne. Madam ta dube shi, ta dube ni, ta mayar da tabaranta. Ko ta yarda ko ba ta yarda ba, ba ta faɗa ba. Ta ce in je in ɗora abincin rana.

Na ɗora. Ta tagar kicin na ga ya fito da jakarsa da bargunansa biyu. Ya tsaya ya kashe famfon lambu, ya naɗe tiyo ya rataye a inda yake ratayewa, sannan ya buɗe ƙaramar ƙofar get ya fita. Ban fita na raka shi ba, don kada a gan ni. Washegari aka kawo wasu mutane suka tumɓuke kuɓewar suka shimfiɗa ciyawar roba.

Juma'a biyu na je Nuzla da kular tuwo, duka biyun ban same shi ba, aka ce ya fita da bokiti tun safe. Na bar tuwon na dawo, kuma ba zan ɓoye ba, har da ɗan jin sauƙi a raina, domin ban san da wane ido zan kalle shi ba. Ranar Talatar sati na uku, ina tsaka da dafa shinkafa, wata baƙuwar lamba ta kira ni. Hayaniya ce a bayan mai kiran kamar tasha.

"Yaya, ni ne. Wayar wani ɗan Nijar na ara, kada ki ja zance. Shekaranjiya suka kwashe mu a Bagdadiyya, ina cikin wanke wata jar mota, ko kumfar ban ɗauraye ba. Muna tarhil. An ce jirgin Kano sati mai zuwa."

Na zauna a ƙasan kicin. Kuka ya zo min irin wanda rabona da shi tun rasuwar babanmu. Na ce masa ni ce na ce ya zaɓa, shi ya faɗi gaskiya tun ranar farko ni na danne ta. Na ce ni na ba shi kwanon jiƙa irin, ni na dafa, kuma da aka tambaye ni na ce ban sani ba yana durƙushe a gefena.

"Kai, Yaya, ki daina," ya ce. "Da kin amsa, da yanzu mu biyu ne a nan. Wurin nan mutum ɗari uku ne a ɗaki, ga zafi, ga wari. In aka ƙara min da surutunki ai sai in mutu kafin jirgi ya zo."

Na ji yana dariya, na ji wani yana cewa a ba shi wayarsa. Na ce, "Ubale, tsaya," amma layin ya riga ya katse. Na zauna a wurin da wayar a kunnena. Shinkafa ta kama, ƙauri ya cika kicin har ya kai falo, ina jin Madam tana kiran sunana, ban tashi ba.